Ɗan Gidan Wa Ne? Iri, Ɓeraye da Asalin Ƙwayar Hanta

Duk shekara in kaka ta yi, Baffana ba ya barin a ɗora dami ko ɗaya a rumbu sai ya fitar da iri. Yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Aujara, ya sa a kwance masa dami biyu ko uku, ya riƙa ɗaukar zangarniya ɗaya bayan ɗaya yana juya ta a hannu kamar mai tayin haja. Wata ya murje ta da yatsa ya ciji tsabar. Wata kuwa kallo ɗaya zai yi mata ya ajiye ta gefe. Ni a lokacin duk dawa ce a idona.

"Wannan kaura ce, wannan farfara," in ji shi. "Wannan ma kaurar ce, amma ba tamu ba ce. Dubi wuyanta. Daga gonar maƙwabta ta shigo."

Na ce, "Baffa, ba duk tuwo za a yi da su ba?"

Ya ce, "Tuwo kam tuwo ne, ɗan nan. Amma wata tana jure fari, wata ƙwari ba sa barin ta ta kai bazara. Wanda bai san abin da ya shuka ba, yaya zai san abin da zai girba?"

Mutumin nan haka yake da masu yi masa ɓarna a rumbu. Ba ka jin ya tara su duka ya kira su ɓera. Akwai ɓeran gida, akwai na gona da ke biyo dami ya shigo gari bayan girbi, akwai gafiya mai cika kumatu da gyaɗa, akwai kurege da ke tone shuka, akwai gyazbi na fadama. Jaba kuwa cewa yake yi ba ta cikin lissafi sam, don ba hatsi ya kawo ta ba, ƙwari take bi. Da ya ga kashi a bakin rumbu ya san wanda ya kwana a wurin.

Na girma na tarar akwai masana a duniya da suka ƙare rayuwarsu a kan aiki irin na Baffa sak, sai dai abin da suke tantancewa ido ba ya ganinsa. Suna kama ɓeraye a daji, su duba ƙwayoyin cutar da ke jikinsu, su yi musu tambayar da dattijo ke yi wa baƙon yaro a zaure: kai ɗan gidan wa ne? Daga cikin ƙwayoyin da aka fi yi wa wannan tambaya akwai wani babban dangi na bairos da ake kira hanta.

Sunan nan yana da tarko a kunnen Bahaushe, don haka bari mu kau da shi tun yanzu. Ba ruwansa da hantar cikin mutum, ba kuma shi ne ciwon hanta da muka sani ba. Sunan wani kogi ne a Koriya, kogin Hantan. Ƙoda da huhu su ne inda wannan dangi ya fi yi wa mutum illa.

A lokacin yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya sama da 3,000 suka kwanta da wani zazzaɓi mai sa zubar jini da tsayar da ƙoda. An shafe fiye da shekara 20 ana neman musabbabinsa. Sai a 1976 wani likita ɗan Koriya ta Kudu mai suna Lee Ho-wang ya gano ƙwayar a huhun wani ɓeran gona mai baƙin zane a gadon baya, wanda aka kama a yankin wannan kogi. Ya raɗa mata suna Hantaan. Da aka ci gaba da bincike sai 'yan'uwanta suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, akasari kowace da sunan wurin da aka fara ganinta: Puumala a ƙasar Finlan, Seoul a babban birnin Koriya ta Kudu, Dobrava a Sulobeniya.

Abin da ya fara ɗaukar hankalin masana shi ne kowace da ɓeranta. Tsofaffinmu sun san yadda fatauci yake a da: ayari in ya isa zango ba ya sauka a ko'ina, kowane ayari da maigidan da yake sauka wurinsa, kuma 'ya'ya su gaji wannan masauki daga iyaye. Haka ƙwayoyin nan suke. Hantaan tana sauka wurin ɓeran gona mai zane. Puumala tana wurin wani ɗan jan ɓeran kurmi na Turai. Seoul ta riƙe ƙaton ɓeran kwata da tashar jiragen ruwa. Kuma mai masaukin ba ya nuna alamar ciwo. Yana cinsa yana shansa, yana haihuwa, ƙwayar tana jikinsa har ƙarshen ransa, tana fita ta fitsari da kashi da yawu. Sun saba da juna tun kaka da kakanni. Mutum shi ne wanda bai san baƙon ba, baƙon bai san shi ba. In fitsarin da kashin suka bushe suka zama ƙura, wani ya zo ya sa tsintsiya ya shaƙa, a nan ake samun matsala. Babu sauro a tsakani, babu kaska. Akasari ƙura ce.

To, me ya sa za a damu da sanin wace ce wace, tunda duk hanta ce? Amsar Baffa ce dai. Puumala in ta kama mutum ɗari, da wuya ta kashe ɗaya. Hantaan tana iya kashe biyar zuwa sha biyar. Waɗanda ke nahiyar Amurka kuwa, da suke cika huhu da ruwa, sukan tafi da mutum ɗaya cikin uku, wani lokaci fiye da haka. Uwa ɗaya uba ɗaya, hali daban.

Labarin reshen Amurka yana taɓa ni, saboda dattawa sun shigo cikinsa. A watan Mayu na 1993, a yankin da jihohi huɗu na kudu maso yammacin Amurka suka haɗu, matasa majiya ƙarfi daga ƙabilar Nabaho suka riƙa mutuwa cikin 'yan kwanaki, numfashi na gagarar su. Cikin 'yan makonni masu bincike suka gane cewa wata hanta ce da ba a san ta ba, mai masaukinta kuma wani ɗan ɓeran daji mai farin ciki da manyan idanu. An sami ruwa mai yawa kafin wannan shekara, itatuwa sun yi 'ya'ya, ɓeraye sun ninka har kusan sau goma. Dattawan Nabaho suka shaida wa likitoci cewa sun san irin wannan shekara, an yi ta a 1918, an yi a 1933, kuma kowane lokaci yalwar abinci da yawan ɓera ne ke gabatar mace-macen. Duk manomin Jahun ko Miga zai fahimci wannan magana ba sai an fassara masa ba: shekarar da rumbu ya cika ita ce shekarar ɓera. Da aka zo raɗa suna sai mutanen yankin suka ƙi yarda a liƙa wa ƙasarsu sunan annoba. Aka ƙare da kiran ta Sin Nombre, wato marar suna da Sifaniyanci. Mutanen Lassa ta jihar Borno, garin da aka liƙa wa zazzaɓin Lassa sunansa, ba su sami wannan dama ba. A 2015 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarar a daina sa wa sababbin cututtuka sunan gari ko ƙabila, kuma a ganina ta yi daidai, ko da ta makara.

A ƙasar Ajantina kuma akwai wata 'yar gidan mai suna Andes da ta fita zakka. Ita ce aka tabbatar tana iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum. A ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, a wani ƙaramin gari mai suna Epuyen, ta kama mutum 34 ta kashe 11, kuma daga taron biki ta fara bazuwa. Likitan da ya san Andes ce a gabansa zai killace majinyaci da waɗanda suka yi jinyarsa. Wanda ya san Puumala ce ba ya bukatar haka. Ka ga sanin asali ba ado ba ne.

Yanzu bari mu buɗe ƙwayar mu ga abin da masana ke karantawa. Ka tuna laya irin wadda ake rataya wa yara: akwai takarda mai rubutu a ciki, an naɗe ta da zare, baduku ya ɗinke ta da fata. Ƙwayar hanta kusan haka take, sai dai takardunta uku ne a cikin fata ɗaya, ƙarama da matsakaiciya da babba. Ƙaramar tana ɗauke da bayanin yadda za a yi zaren naɗin. Matsakaiciyar tana ɗauke da bayanin ƙusoshin da ke jikin fatar, waɗanda da su ƙwayar ke buɗe ƙofar tantanin jiki ta shiga. Babbar kuwa bayanin marubucin ne, wato sinadarin da ke kwafe takardun duka in za a yi sabuwar laya. Rubutun, wanda masana ke kira RNA, da haruffa huɗu kacal ake yin sa, kuma takardun uku in an haɗa ba su wuce haruffa kimanin 12,000 ba. Na jikin ɗan Adam ya kai biliyan uku. Da wannan ɗan guntun rubutu take kwantar da ƙato.

Marubucin nan mai gaggawa ne, kuma ba ya komawa ya duba abin da ya rubuta. Kullum yana kwafi, kullum yana sauya harafi nan da can. Mafi yawan kurakuran ba sa zuwa ko'ina, wasu ma lalata layar suke yi. Amma wasu suna zama, 'ya'ya su gada, jikoki su ƙara nasu a kai. Bayan shekaru ɗaruruwa sai ka ga ƙwayar da ke ɓerayen wannan kwari ta bambanta da ta ɓerayen bayan dutse, ko da sunansu ɗaya.

Mu Hausawa muna da wannan a bakinmu. Mutumin Aujara in ya sauka a tasha a Sakkwato, bai gama gaisuwa ba an san daga gabas yake. Bahaɗeje da Bakano da Bakatsine duk Hausa suke yi, amma kowa da karinsa, kuma mai kunne yana iya gaya maka ba ma lardin ba, har ɓangaren da mutum ya tashi. Ba wanda ya zauna ya shirya wannan bambanci. Nisa ne da daɗewa, da wa kake magana da shi kullum. Ɓera kuwa ba matafiyi ba ne. Inda aka haife shi nan yake ƙarewa, kogi ya tare shi, dutse ya tare shi. Don haka ƙwayar da ke jikinsa takan yi karin harshen wurin. Puumala ta fi kowa nuna wannan: masana sun raba ta zuriya takwas, ta Finlan daban, ta Rasha daban, ta tsakiyar Turai daban, ta Denmak daban. A ƙasar Suwidin zuriya biyu ce, ta arewa da ta kudu, domin bayan ƙanƙarar da ta taɓa rufe yankin ta narke, ɓerayen sun shigo ne ta hanya biyu, kowane ayari da tasa ƙwayar, suka haɗu a tsakiya. Har yau rubutun na nuna ta inda kakan kowa ya biyo, kamar yadda tsagar fuska ke gaya maka gidan mutum tun bai buɗe baki ba.

Akwai kuma wata hanyar sauyi da ta fi wannan sauri. In ƙwayoyi biyu 'yan gida ɗaya suka shiga tantani ɗaya a jikin ɓera ɗaya, takardu shida ke nan a gaban baduku ɗaya. Wurin ɗinki sai ya ɗauki matsakaiciyar wannan ya haɗa da ƙarama da babbar waccan. Laya ta fito sabuwa, ba ta uwa ba ce zalla, ba ta uba ba. An ga irin wannan a Finlan inda zuriya biyu na Puumala suke maƙwabtaka, an gan shi a Sin Nombre. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai ba ya karanta takarda ɗaya ya yanke hukunci. Yana iya karanta ƙaramar ta ce masa 'yar gidan wane ce, ya karanta matsakaiciyar ta kai shi wani gida. Baffa ma ba ya duba launin tsaba kaɗai. Sai ya dubi wuya, ya dubi cikar zangarniya, ya ciza.

A nan ne gardamar take, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Yaushe kari ke zama harshe dabam? Yaushe gandu ke rabuwa ya zama gida biyu? A ƙauye ba rana ɗaya abin ke faruwa ba. Ƙane ya fara noma gayaunarsa, matarsa ta fara ɗora tukunyarta, a ja danga, a fasa wata ƙofa, amma har jikoki ana ce musu 'yan gidan wane. Masana sun daɗe suna neman inda za su ja dangar. Akwai kwamitin ƙasa da ƙasa da ke da alhakin raba ƙwayoyin bairos gida-gida da ba su suna. A da sharaɗinsa shi ne, kafin a ce wannan hanta jinsi ce mai zaman kanta, sai ta kasance da nata mai masauki, kuma sinadaran da takardunta biyu ke samarwa su bambanta da na sauran da aƙalla kashi 7 cikin 100. Sharaɗi ne mai kyau a takarda. Amma Dobrava ta ba shi wahala. An sami ɗaya a jikin ɓera mai rawayan wuya a yankin Balkan, mai tsanani, tana kashe kusan mutum ɗaya cikin goma. An sami wata a tsibirin Saaremaa na Estoniya a jikin ɓeran gona mai zane, mai sauƙi ƙwarai. An sami ta Kurkino da ta Sochi a Rasha. Mai masauki daban, hali daban, amma rubutu kusa da kusa. Aka yi shekaru ana ja, wasu na cewa gida biyu ne, wasu na cewa ɗaki-ɗaki ne a gida ɗaya. Daga baya aka tsaya a kan gida ɗaya mai ɗakuna huɗu. Yanzu kwamfuta ake ba rubuce-rubucen duka ta auna tazarar da ke tsakaninsu ta nuna inda ratar ta fi faɗi, a nan a ja dangar. A 2017 aka ɗaga darajar dangin baki ɗaya ya zama babban gida mai cin gashin kansa, Hantaviridae. Ni dai ina ganin gardamar ba za ta ƙare ba, kuma ba aibu ba ne. Halitta ba ta zo da danga ba. Mu ne muke ja don mu gane hanya, kuma wajibi ne mu yarda mu matsar da ita in sabon sani ya zo.

Sabon sanin kuwa ya zo, kuma ta hannun jaba ya zo. Shekaru da dama an ɗauka hanta ta ɓeraye ce kawai, har ana cewa kowace ta tashi tare da ɓeranta tun farkon zamani ba ta taɓa sauya masauki ba. Alhali tun 1964 an sami wata ƙwaya a jikin jaba a kudancin Indiya, aka sa mata suna Thottapalayam, aka ajiye ta gefe kamar zangarniyar da ba a san gonar da ta fito ba. Sai daga baya aka gane 'yar dangi ce. Jaba, kamar yadda Baffa ya faɗa, ba ɓera ba ce. Masana ilimin dabbobi sun sa ta a gida ɗaya da bushiya, nesa da masu gaigayar hatsi. Da aka juya aka fara duba jaba da gangan, sai ƙwayoyi suka yi ta fitowa. Aka duba jemagu, su ma haka. Har a kifi da dabbobi masu jan ciki an sami dangi na nesa. Sai ya bayyana cewa ayarin ya sha sauya masauki a tsawon tarihi, kuma mai yiwuwa ma ba wurin ɓera ya fara sauka ba.

Yammacin Afirka na da babban rabo a wannan juyi. A 2006 wani ayarin masana, cikinsu har da Boris Klempa, suka ba da labarin hanta ta farko 'yar asalin Afirka, a jikin wani ɓeran kurmi da aka kama kusa da ƙauyen Sangassou a ƙasar Gini. Shekara ta zagayo aka sami Tanganya a jikin jaba, a Ginin dai. Aka sami Azagny a jabar Kodebuwa. A 2012 aka ba da labarin Magboi a jemagen Saliyo da Mouyassue a jemagen Kodebuwa. Can gabas aka sami Tigray a tsaunukan Habasha. An kuma duba jinin mutane a kurmin Gini aka ga shaidar cewa wasu sun taɓa haɗuwa da hanta jikinsu ya yaƙe ta. Ƙwayoyin nan ba a 2006 suka zo Afirka ba. Sai da aka ɗana tarko aka duba ne aka gan su.

Akwai ɗaya kuma da ba ta san iyaka ba, wato Seoul. Mai masaukinta ɗan tasha ne, yana shiga jirgin ruwa tare da buhuna. Shi ya sa ita ba ta da karin harshe mai ƙarfi kamar Puumala: wadda aka samu a Asiya da ta Turai da ta Amurka rubutunsu na kama da juna, alamar ba da daɗewa suka rabu ba. An same ta a ɓerayen Senegal. A 2021 aka wallafa cewa an same ta a ɓerayen tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Duk ɗan kasuwar Maraɗi ko Kano ya san Kwatano, ya san yawan kayan da ke tasowa daga can su yo arewa a bayan tirela. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba. Na kawo shi ne don a ga cewa sito da gareji da kasuwar hatsi su ma wuraren da ya kamata a riƙa dubawa ne, ba daji kaɗai ba.

Mai karatu zai ce, mu a nan ai cutar ɓera da muka sani Lassa ce. Gaskiya ne, kuma ita ce ke kashe mana mutane duk rani. Amma kama da wane ba ta wane. Lassa ba hanta ba ce, gidansu daban, takardunta ma biyu ne ba uku ba. Abin da ya haɗa su shi ne sana'a: ita ma tana da mai masauki, ɓeran nan mai nonuwa da yawa da ke kai-komo tsakanin gona da ɗaki, ita ma ta fitsari da kashi take fita. An fara gane ta a 1969. Ondo da Edo da Bauci da Taraba su ne jihohin da ta fi addaba, Bauci kuwa ga ta nan muna iyaka da ita ta Gwaram da Birnin Kudu.

A kan Lassa ne Nijeriya ta ga amfanin wannan aikin tantance iri da idonta. A farkon 2018 masu kamuwa suka yi yawa fiye da yadda aka saba, tsoro ya shiga cewa ko wata sabuwar zuriya ce ta ɓullo mai saurin bin mutane. Masana a cibiyar binciken ƙwayoyin gado ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, da na asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo, tare da abokan aikinsu na waje, suka karanta rubutun ƙwayoyin da aka samu a jinin majinyata. Da a ce daga mutum ɗaya ta bazu, da rubutun ya zo kusan iri ɗaya, kamar hatsin gona ɗaya. Sai aka ga iri-iri ne, tsofaffin zuriyoyin da aka sani, akasari kowa daga ɓeran yankinsu ya ɗauka. Har aka lura cewa kogin Kwara da na Binuwai sun raba zuriyoyin, ta arewa daban, na kudu daban, domin ɓera ba ya haye babban ruwa. Wannan ya kwantar da hankali, ya kuma nuna inda za a sa ƙarfi: a kan ɓera da ma'ajin abinci, tare da kare ma'aikatan asibiti.

Abin da nake fata ke nan in gani a ƙasarmu ta Dutse. Muna da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, muna da yara masu karatun ilimin halittu waɗanda a gidan rumbu suka tashi. Ba wanda ya fi su cancantar ɗana tarko a gonakin Aujara da fadamun Miga da sitocin kasuwar Shuwarin, su tantance wane ɓera ne a ina, a wane wata yake shigowa gari, me yake ɗauke da shi. Kuma in za su yi, su fara da zama a gaban dattawa irin Baffa da littafi a hannu. Rabin aikin, wato sanin dabbar da halinta da lokacinta, yana nan a kan tsofaffi, kuma tsofaffin tafiya suke yi.

Kafin nan akwai abin da ke hannunmu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke shanya a ƙasa a bakin titi mu bar ta ta kwana, mu ne muke barin kwanon tuwo a buɗe, mu jingina kara da katangar ɗakin kwana. Yara suna cinna wa daji wuta don gafiya, su feɗe ta da hannu ba ko wanki. Mazubi mai murfi, toshe rami, ɗaga buhu daga ƙasa, nesanta juji da gida, kyanwa a tsakar gida: ba wanda ya fi ƙarfin talaka a ciki. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya kwana biyu ko uku kuwa, asibiti ake kai shi, a kuma gaya wa likita in an yi aikin rumbu ko an taɓa ɓera.

Bazarar da ta wuce na je gida na tarar za a share rumbun Baffa, wanda yanzu ƙanena ke zuba hatsi a ciki. An ɗaga murfin ke nan, hasken rana ya faɗa ciki, na ga ƙura tana tashi a hankali, ga baƙin kashi warwatse a kan ragowar ƙaiƙayi kamar an watsa tsabar riɗi. Ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara goma sha biyu, har ya ɗaura gwiwa zai dira da tsintsiya. Na riƙo rigarsa.

"Tsaya, yarona. Bar shi ya sha iska tukuna."

Muka koma inuwa muka ba shi rabin awa. Na sa aka kawo bokitin ruwa aka zuba masa bilic, na ɗaure wa yaron hanci da baki da ƙyalle, na ɗaure nawa, muka sa leda a hannu. Da tsintsiyar muka riƙa tsomawa muna yayyafawa har ƙasan rumbun ya jiƙe ya yi duhu, muka jira kaɗan, sannan muka kwashe da tsohon faranti muka kai bayan gari muka binne. Da muka dawo muna wanke hannu da sabulu, ya ɗago ya ce, "Baba, wannan kashin na ɓeran gida ne ko na gona?"

Na ce masa ya ɗebo ruwa ya ƙara, in mun gama mu je wurin Inna, ita ta fi ni ido.